Gyaran solonoyid na silo a tsohuwar Beetle ƙirar 1972

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Motar Volkswagen Beetle ce ƙirar 1972, inji 1600 mai sanyaya kansa da iska, kafiretarta Solex 34 PICT-3. Ciwo biyu gare ta, kuma a ido bai kamata su haɗu a mota ɗaya ba. Idan ta ɗauki zafi na ɗaga ƙafa daga totur, wani lokaci silo, wato gudun da inji ke yi ba a taka totur ba, ya haura sama tana ihu, wani lokaci ya faɗo ƙasa tana kakkarwa har ta mutu. Idan kuma na iso na murɗe makulli, sai ta ƙi mutuwa, ta yi ta tari tana jijjiga kafin ta yi wani nishi ta tsaya.

Da sanyin safiya babu ko ɗaya daga ciki, kik ɗaya take tashi. Wannan bai ba ni mamaki ba. Cok ɗin wannan kafireta, wato faifan da ke rage iska don inji mai sanyi ya tashi, da kansa yake aiki, kuma muddin yana rufe, akwai wani ɗan faranti mai matakala da ke riƙe hannun totur a ɗan buɗe. A lokacin injin ba ta hanyar silo yake shan mai ba. Sai cok ya buɗe, hannun totur ya sauko matakalar ƙarshe, sannan hanyar silo ke karɓar aiki, a nan ne kuma asiri ke tonuwa.

Wanda nake zargi shi ne solonoyid na silo. Idan ka tsaya a bayan mota kana kallon inji, yana gefen hagu na kafireta, ƙasa da sukurori biyu na saiti, da waya baƙa guda ɗaya a jikinsa. A cikinsa akwai naɗin siririyar waya, da sifirin, da wani tsinke mai kai. Babu wuta, sifirin ya tura tsinken ya toshe hanyar da haɗin mai da iska ke bi ya zagaye faifan totur. Aka kunna makulli, maganaɗisu ya janye tsinken, hanya ta buɗe. Amfaninsa ɗaya ne: ya yanke wa injin abinci da zarar an kashe, domin inji mai zafi yana iya ci gaba da ƙona mai ko babu tartsatsin fulogi, gawayin da ya taru a kan fistin ko bakin bawul mai zafi ya ishe shi ashana.

Na yi gwajin da kowa ke yi. Na kunna makulli ba tare da na tayar da inji ba, na zare wayar, na taɓa ta da harshen solonoyid. Ƙas. Na ɗaga, ƙas. Yana amsawa sarai. Na yi sauri na kashe makulli, don barin wuta a kunne inji a tsaye yana dafa kwayil, yana ƙona kwantak.

A ƙa'idar da aka saba, wanda ya yi ƙas lafiyarsa ƙalau. Ban gamsu ba, saboda na gwada shi ne inji a sanye, mota a tsaye, alhali ciwon sai da zafi da jijjiga yake tashi.

Lahadi, 12 ga Janairu

Yau na gano dalilin ciwo na biyu, kuma ba solonoyid ba ne kai tsaye.

A ƙarshen hannun totur akwai wani ɗan sukuru da ke sauka a kan farantin nan mai matakala. A tsofaffin kafireta irin su 28 PICT da 30 PICT-1, da shi ake saita silo, shi ya sa duk wanda hannunsa ya saba da su nan yake fara kai sukudireba. A 34 PICT-3 ba aikinsa ba ke nan. An ƙera ta ne faifan totur ya kusan rufewa ruf a silo, iskar silo duk ta bi ta hanyar zagaye, babban sukurun tagulla na gefen hagu ya riƙa auna ta. Ƙaramin sukurun hannun totur aikinsa kawai ya hana faifan cije bangon maƙogwaro.

To a tawa, wani da ya riƙe motar kafin ni ya murɗa wannan sukuru ciki sosai. Kansa ma ya ci sukudireba har ya fara lalacewa. Na haska tocila ta saman kafireta bayan na cire tukunyar iska, ga faifan totur a buɗe, ana ganin haske ta gefensa.

Daga nan komai ya jeru mini. Solonoyid ya fara wasa, motar ta riƙa mutuwa a silo, sai aka bar jaki ana dukan taiki: aka buɗe totur don ta daina mutuwa. Yanzu idan solonoyid ya buɗe, iska na shiga ta hanya biyu, silo ya haura. Idan ya saki ya toshe, sauran 'yar kafar totur ce kaɗai, ita kuwa ba ta isa riƙe inji mai zafi da kyau ba, sai kakkarwa. In an kashe makulli kuma, solonoyid ya toshe tasa hanyar, amma faifan totur na buɗe, mai na ci gaba da wucewa, inji ya ci gaba da tari. Akwai ƙari: buɗewar faifan tana sa 'yar kafar da ke zuƙar iska zuwa distiribita ta fara aiki tun a silo, tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi, ya riƙa gaba da kansa, silo ya ƙara hawa.

Ban taɓa sukurun ba tukuna. Idan na mayar da shi yanzu, motar ba za ta yi silo ba sam duk lokacin da solonoyid ya saki, ni kuwa ina son in kama shi yana cikin laifin.

Laraba, 15 ga Janairu

Na yi wa wani dattijon makanike bayani, mutumin da ya fi ni shekarun aiki a kan irin waɗannan injina nesa ba kusa ba. Bai bari na gama ba.

"Yaro, ciro shi ka datse tsinken da filaya ka mayar. Ka huta, mota ta huta."

Na ce, "Baba, in na datse, me zai hana ta tari in na kashe?"

"Ka sa giya ka saki kuloci, za ta mutu."

Dabararsa tana aiki, ba musu, kuma idan a hanya abin ya same ni da dare, ita zan yi in kai gida. Amma a matsayin gyara ban karɓa ba. Tarin nan da inji ke yi bayan an kashe ƙonewar mai ce ba a kan lokaci ba, wani sa'in har juyawa baya yake yi, kuma inji mai shekara hamsin da ɗoriya ba ya buƙatar wannan duka kullum.

Asabar, 18 ga Janairu

Na fara da kama shi a kan mota. Na tayar da ita, na bari ta yi zafi har cok ya miƙe tsaye, silo na sama yana ihu. Na sa yatsa na ɗan tura kan wayar solonoyid gefe, ban zare ba. Nan take silo ya faɗi. Na saki, ya dawo. Na sake turawa, ya sake faɗi, a wannan karon ma bai dawo ba sai da na ƙwanƙwasa jikin solonoyid da gindin sukudireba.

Na bari ta huce, na cire kan batir na negatif, na kwance shi. Da sifana ake sassauta shi, daga nan hannu ya isa. Ga abin da na gani a tafin hannuna: jikinsa na asali ne, nauyi gare shi, tsinken ya yi baƙi da dattin mai da ya daskare, kansa kuma yana da zobe mai sheƙi inda yake zama a mazauninsa. Harshen da waya ke shiga, idan na kama shi da yatsu biyu, yana ɗan motsi a cikin baƙar robar da aka dasa shi. Motsin kaɗan ne ƙwarai, yatsa ke jin sa, ido ba ya gani. A gindin harshen akwai ɗigon tsohuwar darma da ta dushe, da tsaga siririya kamar gashi ta zagaye ta.

Na ɗauko mita na sa ta a ma'aunin da ke ƙara idan wuta na wucewa, tsinke ɗaya a harshe, ɗaya a jikin ƙarfen. Tana kuka. Na karkata harshen, ta yi shiru. Sai na hura masa zafi da na'urar busar da gashi har ya kai yadda ba a iya riƙe shi da daɗi, na sake gwadawa. Yanzu ko ban taɓa harshen ba kukan yana yankewa, buga tebur kaɗai ya isa. Ƙarfe ya buɗa da zafi, tsagar ta ƙara faɗi, wuta ta yanke. Shi ya sa jiya da shekaranjiya duk mai gwada shi da sanyi zai ji ƙas ya wuce.

Abu biyu na lura da su a kan tebur da za su iya ruɗa mutum. Na ɗaya, solonoyid ɗin waya ɗaya gare shi saboda negatif ɗinsa jikinsa ne, ta tiredi yake haɗuwa da jikin kafireta. Don haka a gwajin tebur dole a ɗora wayar negatif a jikinsa, kuma wajen mayarwa kada a naɗa masa farin zaren roba na masu gyaran famfo, kada a shafa gam. Na biyu, a waje tsinken yana fitowa fiye da yadda yake fitowa a cikin kafireta, domin a can mazauninsa ya riga ya ɗan tura shi ciki. Da na ba shi wuta bai janye ba sai da na ɗan taɓa kan tsinken da yatsa, sannan ya fizge shi da ƙarfi. Wanda bai san haka ba zai jefar da lafiyayye.

Ga mai neman na canji, ya duba lambar kafiretarsa da kyau, an buga ta a jikin tukunyar mai. A 30 PICT na farko-farko, solonoyid ɗin yana gefen dama, kuma shi kansa jet ne na silo, mai yake yankewa. Na 34 PICT-3 ya fi girma, yana hagu, haɗin mai da iska yake toshewa. Ba sa shiga gurbin juna. Sannan akwai maganar wuta: daga ƙirar 1967 aka fara sa volt 12 a Beetle, kafin nan volt 6 ne, kuma yawanci ana buga adadin a jikin solonoyid. Nawa 12 ne.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na yanke shawarar gyara na asalin maimakon sauyawa. Naɗin wayarsa lafiya lau, sifirin da ƙarfinsa, tsinken bai lanƙwashe ba. Laifin duk a ɗigon darma ɗaya yake.

Na kankare gindin harshen da bakin reza har jan ƙarfe ya fito, na goge da samfefa mai laushi. Wajen liƙi sauri ake so: ƙarfen liƙi ya yi zafi sosai, a taɓa, darma ta narke ta kwanta, a ɗaga. In aka daɗe, robar za ta narke, zafin kuma ya bi siririyar wayar ciki ya ƙona rufinta. Da ta huce na zagaye gindin harshen da gam mai haɗi biyu, don nauyin waya da jijjiga su daina faɗawa a kan darmar. Na jiƙa tsinken da maganin wanke kafireta, na yi ta tura shi ina saki har ya daina kamewa. Ban sa masa mai ba, mai ƙura yake tarawa.

Tunda ramin a buɗe yake, na cire babban sukurun iska da ƙaramin sukurun haɗi da jet na silo da ke gefen dama, mai lamba 55, na fesa magani ta kowace kafa, na bi da iska. Baƙin ruwa ya fito ta ramin solonoyid. Jet da iska ake buɗe shi, ba da waya ko allura ba, ramin tagulla ne, yana faɗaɗa ba ka sani ba. Zoben roba na ƙaramin sukurun ya bushe ya tsage, na sa sabo.

Gam zai kwana kafin in taɓa shi.

Asabar, 25 ga Janairu

Na maimaita gwajin zafi a kan tebur, na karkata harshen, na buga, mita ba ta yi shiru ba. Na mayar da shi, na ɗaure da hannu sannan na ƙara ɗan kaɗan da sifana. Jikin kafireta ƙarfe ne mai laushi, in tiredin ya ci, aiki ya koma wani babi.

Sauran ranar a kan waya ta ƙare. Baƙar wayar solonoyid daga kwayil take zuwa, daga harshen da aka rubuta wa 15, wato gefen fozitif, kuma daga nan ne cok ma yake shan wuta. Na auna batir, volt 12 da rabi. Na auna a harshen 15 makulli a kunne, bai kai 11 ba. Tafiyar wutar ce ke da nisa: batir na ƙarƙashin kujerar baya, wuta ta tafi gaba wajen makulli, ta bi ta bayan akwatin fis, sannan ta dawo baya wajen inji, kowane mahaɗi kuma ya shekara hamsin yana tsatsa. Solonoyid mai samun wuta rabi-rabi yana iya riƙe tsinke idan ya riga ya janye, amma ya gaza fizgo shi tun farko. Na bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya, na goge, na matse waɗanda suka saki da filaya. Kan wayar solonoyid kansa ya buɗe baki, silin tagulla kaɗan suka rage a ciki, na yanke na sa sabo. Yanzu abin da ke isowa kwayil ya kusa na batir.

Wani abu da ya kamata duk mai irin wannan mota ya sani: wayar da ke zuwa harshen 15 ba ta bi ta cikin fis ba. Idan kan wayar solonoyid ko ta cok ya zame ya taɓa ƙarfen inji makulli a kunne, babu abin da zai yanke wutar, wayar ce za ta narke tun daga baya har gaba, ga kuma tiyon fetur a kusa. Na sa fis na amfiya 8 a reshen da ke zuwa solonoyid da cok, na ɗaure wayar yadda ba za ta yi lilo ba. In ya ƙone, motar za ta daina silo, amma kwayil zai ci gaba da samun wuta, za a iya lallaɓa ta da totur.

Ina wurin na jijjiga ɗan bututun tagulla da tiyon fetur ke shiga a saman kafireta. Matse shi kawai aka yi a ramin, kuma sanannen abu ne cewa yana zarewa a tsofaffin Beetle ya watsa fetur a kan inji. Nawa daram yake. Duk da haka na ɗaure shi da siririyar waya zuwa sukurun murfi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar saiti. Kafireta ita ce ta ƙarshe a layi, duk saitin da aka yi mata kafin bawul da tayimin su daidaita ɓata lokaci ne.

Bawul da sanyi, inji ya kwana bai tashi ba: milimita 0.15, na shiga da na fita duka. Biyu sun matse, har da na fitar hayaƙi a silinda ta 3. Kwantak milimita 0.4.

Tayimin ya ɗan ci lokaci saboda fuli. Tsagar da ke jikin fulin Beetle ba ma'ana ɗaya gare ta ba, ya danganta da shekara da irin distiribitar da aka haɗa ta da ita, kuma a mota mai wannan shekaru babu tabbacin fulin da distiribitar tare suka fito daga masana'anta. Distiribitar da ke kan tawa mai tiyon iska ɗaya ce, irin wadda ake saitawa a digiri 7.5 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Na nemo ƙololuwar silinda ta 1 da kaina ta ramin fulogi, na sa alama da farin fenti, na auna kimanin milimita 11 zuwa dama na sa ta biyu. Na zare tiyon iskan na toshe shi, na saita da fitilar tayimin.

Sannan sukurun hannun totur. Inji da zafi, cok a miƙe, na warware shi har ya rabu da matakalar ƙarshe, na dawo da shi har ya taɓa ta kawai, na ƙara kwata ɗin juyi. Shi ke nan, ba a sake komawa kansa.

Ƙaramin sukurun haɗi na murɗa shi ciki a hankali har ya zauna, ba da ƙarfi ba don bakinsa tsini ne, na dawo da shi juyi biyu da rabi. Na tayar, da babban sukurun iska na kawo silo juyi 850 a minti. Na koma ƙaramin ina warwarewa kaɗan-kaɗan har inji ya kai iyakar gudunsa, na mayar da shi ciki har gudun ya ɗan sauka, kamar juyi 20 zuwa 30, na sake daidaita 850 da babban. Abin da na fi jin daɗinsa shi ne yadda sukurorin suka fara amsawa. A da ko ka juya babban sau nawa, kunne ba ya jin bambanci, tunda iska ta samu wata ƙofa.

Na zare wayar solonoyid inji na silo. Ya mutu nan take, ko tari ɗaya bai yi ba. Wannan gwajin ya fi na ƙas faɗin gaskiya, domin yana nuna abu biyu a lokaci guda: tsinken yana toshewa da kyau, kuma silo ta hanyar da aka ƙera masa yake bi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na yi ta hawanta cikin makon nan, a cunkoso da kuma doguwar hanya har inji ya yi zafi sosai. Silo na zaune tsakanin 800 da 900, ba hawa ba faɗuwa. In na murɗe makulli tana tsayawa cak. Na ciro fulogi biyu na duba, baƙin hayaƙin da ke kansu a da ya fara komawa ruwan ƙasa.

Saura abu ɗaya da ba na solonoyid ba. Da na fesa maganin wanke kafireta a robobi biyu na manifol, wato bututun da ke kai haɗin mai da iska daga kafireta zuwa silinda, silo bai motsa ba, ba sa shan iska. Da na fesa a ƙarshen sandar totur ta gefen hagu, ya ɗan canja murya. Na kama sandar na girgiza, akwai ɗan wasa, ramin ya fara cinyewa. Bai kai ya hana saiti zama ba tukuna. Maganinsa a sauke kafireta a sa wa sandar sabon bushin, kuma zan haɗa shi da lokacin da zan sauke ta don canja gasket da robar famfon totur. Solonoyid na asali ya koma bakin aikinsa, na rufe wannan shafi a kansa.